Jinin da Ya Dawo

Litinin

Assalamu alaikum Goggo,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ya ƙafar, ya ɗalibai? Ga maganin hawan jininki na wannan mako a cikin leda. Ƙwaya ɗaya kowace safiya, ba ranar da kika ga dama ba. Na ba ɗalibarki Mai Ɗinki ta kawo miki, tunda ta gaban asibitinmu take bi duk Litinin in za ta sayo zare. Wasiƙar kuwa na cusa ta ne a ciki saboda kwana tara ke nan wayarki ba ta san lambata ba. Na gane karatun.

Haƙuri na zo bayarwa, kuma zan faɗi laifina da bakina. Kin ba ni rabin sa'a bayan darasin Asabar in yi wa matan makarantarki bayani a kan sankarar mama da ta bakin mahaifa. Na zo da majigi, na kashe fitila, na haska nonon wata baiwar Allah tsirara, faɗinsa ya kai tabarma guda, a jikin bangon da kantar Alƙur'anai take. Mata sittin suka tashi neman takalmansu a lokaci ɗaya. Ko ranar da ɗakin ajiyarmu ya kama da wuta ba a watse da sauri haka ba. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mini, "'Yar nan, Allah Ya shirye ki," kuma na ga alama har zuciyarta take nufi.

Shekara biyar na yi a jami'a ana koya mini yadda ake wannan bayani a ɗakin taro mai sanyi, gaban mutanen da aka raba wa ruwan roba da alƙalami. A rahoton da na kai ofis na rubuta cewa an samu halartar mata sittin. Ban yi ƙarya ba. Ba wanda ya tambayi minti nawa suka halarta.

Sai dai Goggo, laifina bai goge dalilina ba. Matan da ke zuwa mana irin naki ne, masu carbi da dogon hijabi da haƙurin da ya wuce misali. Suna zuwa ne bayan abu ya fashe, zane ya kasa rufe shi, sannan su ce mini ai shekara biyu ke nan suna jin sa. Da sun zo a watan farko, da yawansu da yanzu suna gida suna faɗa da jikoki. Ki sake buɗe mini ƙofa. Majigin zai zauna a gida.

Ki gaishe da mutanen gida. Ki huta lafiya.

'Yarki mai laifi.

Litinin

Wa alaikumus salam Uwata,

Da ba sunan mahaifiyata kika ci ba, da sunan da zan kira ki da shi a wasiƙar nan daban ne. Saƙo ya iso, Allah Ya yi albarka. Ƙafa da sauƙi. Ƙwaya ina sha ranar da na tuna.

Haƙuri na karɓa. Ƙofa tana nan a rufe. Shekara talatin da ɗaya ina tara matan nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda sai da na taka gidanta sau huɗu kafin maigidanta ya bar ta ta fito. A rabin sa'a kin sa mazan unguwa suna tambayar wane irin karatu ake yi a wajen Malama. Mutum uku sun hana matansu dawowa. Ke kuma kin koma ofis kin rubuta rahoto.

Sannan ki daina yi mana kallon garken tumaki. Ku kun ɗauka duk mai hijabi ba ta san jikinta ba. Matan nan sun fi ki sanin jikinsu, don sallarsu a kansa take rataye. Mace a nan ta san ranar da jininta ya zo da sa'ar da ya ɗauke, ta san launinsa, ta san bambancin na al'ada da na biƙi da na ciwo. Kuma ba abin da suke ɓoye mini. Maganar da ba za su faɗa wa miji ba, balle likita bokan Turai, ni suke samu da ita bayan darasi, su rage murya.

Ko watan jiya wata ta tsaya sai da kowa ya watse. Shekararta huɗu da daina al'ada, sai ga jini ya dawo mata kaɗan-kaɗan, wani lokaci da ruwa-ruwa mai ƙarni. Tana hawaye, tana tsoron ko sallolinta sun ɓaci. Na ce mata wannan ba haila ba ce, jinin ciwo ne. Ta wanke, ta yi ƙunzugu, ta sabunta alwala, ibadarta lafiya lau. Ta tafi tana murmushi. Wannan shi ne aikin da nake yi, kuma ban taɓa kashe fitila kafin in yi shi ba.

Allah Ya tsare, Ya ƙara miki hankali a kan ilimin.

Goggonki.

Litinin ɗin dai

Goggo, barka da hantsi,

A tsaye nake rubuta wannan a kan teburin awo. Mai Ɗinki tana jira a bakin ƙofar asibiti. Na ba ta kujera ta ƙi, kamar kullum. Wai warin asibiti yana hawa mata kai, alhali turaren da take zubawa kwanan nan ya isa ya tashi wanda ya suma.

Na karɓi faɗanki, na cancanta. Amma ki bar maganar majigi, mu koma kan matar da kika ambata.

Hukuncin da kika ba ta ban da ta cewa a kansa. Fanninki ne, kuma ba zan zo ina jawo miki aya ba, ni da har yau kike gyara mini karatu. Sallarta ta yi. Sai dai rabin tambayarta kika amsa. Mahaifar da ta rufe shekara huɗu ba ta sake zubar da jini haka kawai. Yana iya zama ƙaramin abu da magani zai ɗauke cikin mako biyu. Yana iya zama sankarar bakin mahaifa, ko ta cikin mahaifar. Ni daga nan ba zan iya sani ba, ke ma daga kan dardumarki ba za ki iya ba. Sai an duba, kuma dubawar farko ba ta wuce minti goma. In ita ce, kowane wata da ya wuce yana cinye wani abu daga cikin abin da za mu iya yi mata.

Kin ce ba abin da suke ɓoye miki. Na yarda, kuma shi ne ya tayar mini da hankali. Ashe duk alamomin da nake bin mata da takarda ina roƙon su faɗa mini, ke ake kai wa, da sunan tambayar salla. Ni ina da gadon dubawa babu kowa a kai. Ke kina da masu ciwon suna layi bayan darasi.

Ki ba ni sunanta, ko ki turo mini ita gobe. Ki ci gaba da fushi da ni in kina so, ba zai hana ta zuwa ba.

'Yarki.

Litinin

Uwata, sallama irin ta addini,

Da fatan kina lafiya. Ƙwaya ta ƙare daidai, ki lura.

Suna ba za ki samu ba. Amana ce. Ranar da na buɗe baki da sirrin mutum ɗaya, ranar layin nan da kike magana zai watse, ni da ke mu rasa su gaba ɗaya.

Amma wasiƙarki ta hana ni sakat. Kin san in mace ta rasu a unguwar nan ni ake kira wanka. Abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya da ita ake binne shi, don haka kada ki tambaye ni. Ranar Laraba ina zaune ina yanke farce sai na kama ƙirga. Na tuno mata biyar da suka taɓa yi mini irin wannan tambaya. Huɗu daga cikinsu ni na yi musu wanka, kuma ba wadda ta cika shekara uku bayan tambayar. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa ajiye tambayar kusa da wankan ba. Wannan aikin Asabar ne, wancan aikin ranar da aka kira ni. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gaskiya ne, sai dai ranar ba ta amfanar da mai cibin.

Ban ce na kashe kowa ba. Rai na Allah ne, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma na ba su amsa mai daɗi, suka koma gida hankali kwance suka zauna.

Na kira matar ranar Juma'a, na shigar da ita ɗakina na tura ƙofa. Na ce, "Wance, maganar nan ta rannan, ina so ki je a duba ki."

Ta ce, "Malama, ba kin ce sallata ta yi ba?"

Na ce, "Ta yi."

"To me ya rage?"

Na ce, "Ke kika rage."

Sai ta kwance mini jaka. Wai tun rasuwar maigidanta ba wanda ya ga ko gwiwarta, yanzu da ta kusa haɗuwa da Ubangijinta ba za ta je ta kwanta a buɗe gaban 'ya'yan cikinta ba. Wai yayarta da ƙafarta ta shiga asibiti, a makara aka fito da ita. Wai kowa ya san irin wannan ciwo in ƙarfe ya taɓa shi fusata yake yi. Duk inda na ɓullo sai ta ce, "Ai ke kika ce ba komai." Fatawar da na ba ta da bakina ita ta ɗaga tana kare kanta daga gare ni.

To likita, ga ni. Ki faɗa mini abin da zan koyar, amma da kalmomin da za su iya zama a ɗaki ɗaya da Alƙur'ani.

Wassalam.

Goggonki.

Litinin ɗin dai

Goggo, Allah Ya ƙara girma,

Na karanta sau biyu. Ba zan ce komai a kan mata huɗun nan ba, sai dai Allah Ya ji ƙansu. Mu ma a nan muna da namu ƙirgen, kuma ya fi naki tsawo.

Ba sai kin koyar da sabon abu ba. Duk wadda ta zo miki da tambayar jini bayan ta daina al'ada, ko jini bayan ta sadu da mijinta, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi ɗaukewa, ki ba ta hukuncinta kamar yadda kika saba. Kafin ta ɗauki takalmi ki ƙara da cewa, "Kuma ki je a duba ki cikin makon nan." Waɗanda ba su ga komai ba ma su zo, don abin yakan yi shekaru yana zaune shiru, kuma a lokacin ne ya fi sauƙin kawarwa.

Maganar mama kuwa, dariya na yi wa kaina. A jami'a an koya mana cewa lokacin da ya fi dacewa mace ta laluba ƙirjinta shi ne bayan al'ada ta ɗauke, sau ɗaya a wata, hannu da santsin ruwa. Mun ɓata takardu masu launi muna neman dabarar da za ta sa mata su riƙa tunawa. Ke kuwa shekara talatin da ɗaya kina koya musu wankan tsarki a daidai wannan rana, kina cewa duk inda hannu bai cuɗa ba wanka bai yi ba. Hannun yana wurin tuntuni. Ki ce masa kawai ya rage sauri, ya danna da cikin yatsu uku, ya zagaye, ya leƙa hammata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi farkon kowane wata. In ta ji ƙullutu, ko ta ga fata ta lotsa, ko kan nono yana fitar da jini, ta zo. Mafi yawan ƙullutu ba sankara ba ne, ki faɗa musu wannan ma.

Ki gaya wa matar nan yadda ɗakin dubawar yake. Na uku ne daga hannun dama, labulensa kore, sakatarsa daga ciki take. Daga ni sai wata tsohuwar ungozoma mai zafin baki da sanyin hannu. Namiji ba ya shiga, ko mai gyaran fanka sai mun tashi. Da zaninta za ta kwanta, mu lulluɓe ta da mayafi. Abin dubawar ba wuƙa ba ne, ba ya yanka, ba ya fusata komai. Ban san ciwon yayarta ba, amma yawancin waɗanda ake fitarwa a makara, a gida aka gama jinkirin.

Abu na ƙarshe. Ina da ido, Goggo, shi kaɗai ne jami'a ba ta lalata mini ba. Akwai wadda na lura ta rame, tafin hannunta ya yi fari kamar takardar nan, ba ta zama a kujerar mutane, turarenta ya ninka. Ban tambaye ki ba, kada ki amsa. Ɗazu da na karɓi wasiƙarki daga hannunta, saura kaɗan in cafke ta in ja ta ciki. Sai na tuna majigi. Na tambaye ta farashin zare, ta ce ya hau.

Na manne ambulan sosai.

'Yarki.

Litinin

Uwata, assalamu alaikum,

Gaisuwa da fatan alheri. Maganarki ta ƙarshe ban gan ta ba, idona ba ya karanta ƙasan takarda.

Ranar Asabar na buɗe babin wanka. Da muka iso wajen cuɗawa na rufe littafi na ce kowa ta ɗora hannun dama a ka, tana cikin hijabinta, ta sa yatsu uku na hagu inda zan faɗa. Suka zuba mini ido. Na fara yi da kaina, sannan suka bi. Tsohuwar nan da ta yi miki addu'ar shiriya ta ɗaga murya ta ce, "Malama, ni nawa sun sauka har cibiya, daga ina zan fara?" Na ce, "Hajiya, fara daga inda suka tsaya ki hauro, Allah Ya ba da sa'ar tafiya." Sai da na buga allo kafin dariya ta lafa. Bayan dariyar kuwa tambayoyi suka ɓalle, har muka kusa makarar la'asar.

Na faɗa musu maganar jini. Na ce amsar da nake bayarwa shekara da shekaru daidai ce, amma guntuwa ce, kuma ga cikonta. Faɗin haka a gaban ɗalibai bai yi mini daɗi ba, na faɗa.

Mutum tara za su zo miki ranar Alhamis. Ɗaya mai goyo ce, ta ce ta ji wani abu kamar ƙwallon dabino a gefen hagu. Ki kama ta da kyau, tsoro gare ta.

Matar nan da muke magana a kanta kuwa tana zaune a sahun gaba. Ita ta rubuta sunayen taran nan da hannunta, ba ta sa nata ba. Da kowa ya fita na ce, "Wance, lissafinki bai cika ba." Ta naɗe takardar a hankali ta ce, "Malama, ke da kike tura mu, an taɓa duba ki?"

Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa ƙure ni a ajina ba sai ranar. Kuma tun kafin ki buɗe baki, ki cire wannan daga ranki. Ni na yi miki wankan jego, ni na wanke rabin matan unguwar nan zuwa makwancinsu. Ba zan zo da furfurata in kwanta gaban 'yar ƙanena ba. Ni ba abin da ke damuna sai ƙafa.

Allah Ya yi albarka.

Goggonki.

Litinin ta gaba

Goggo, ina gaisuwa,

Yau Mai Ɗinki ta zo hannu biyu, babu wasiƙa. Ta jingina da ginshiƙin ƙofa kafin ta karɓi ledar. A da ba ta jingina.

Taranki sun zo, har da Hajiya, wadda ta yi wa ungozoma wa'azi tun daga hawa gado har sauka. Na rubuta tara a rahoto, kuma wannan karon sun zauna har ƙarshe. Mai goyon mun tura ta a ɗebi ɗan abin a gwada. Ta zo da wuri, ki kwantar mata da hankali.

Tambayar da aka yi miki ba ni da amsarta, taki ce. Abin da zan iya cewa, ba ni zan duba ki ba. Ungozoma ta girme ki da shekara biyu, furfurarta ta fi taki. Ni a waje zan tsaya in riƙe miki takalmi.

Daga yau, kowace Litinin ƙarfe goma gadon nan babu kowa a kansa. Na faɗa wa shugabarmu, ta ce ɓata lokacin gwamnati ne, na ce ta rubuta a rahoto. Zan ci gaba da barin sa haka har ranar da aka hau shi. Ba zan gaji ba, Goggo, don abin da ke jikin matar nan ma ba ya hutun mako.

Ki huta lafiya.

'Yarki.

Litinin, da safe

Uwata,

Sallama. Na rubuta ne don bakina ba zai faɗa a gaban mutane ba.

Mai kawo miki wannan ta ba ni izini in ce ita ce matar nan. Kin riga kin sani, Allah Ya saka miki da kika yi kamar ba ki sani ba.

Ina bayanta, ƙafar nan ce ba ta sauri. Ki gaya wa ungozomarki ni ce ta farko, kuma ta rage surutu. Ban taɓa ɗora wa ɗaliba karatun da ban fara biyawa ba.

Kafin in iso, ki ba ta kujera. Yau za ta zauna.

Goggonki.